BATSA A WAYA: SHINGE WAJIBI NE, AMMA SHINGE BA YA NOMA

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Kano zuwa Ɗambatta, ko ya ratsa ta Bichi ya nufi Kunci da Tsanyawa, ya san cewa wannan ƙasa ba ta da daji. Gona ce ke bin gona, ƙauye na hangen ƙauye. Babu ƙasar da ake bari ta huta, domin jama'a sun yi yawa, gonakin gado kuma kullum ƙara tsagewa suke yi tsakanin magada. A Minjibir, a Makoɗa, a Gezawa, a Dawakin Tofa, mutum ba zai yi tafiyar kirki ba tare da ya gamu da wanda ya san ubansa ba. Wannan ne ya sa a da yaro a wannan yanki yake tashi cikin idon jama'a. In ya kauce hanya da hantsi, kafin La'asar labari ya riga shi isa gida.

To, yau an wayi gari dajin da babu shi a ƙasa ya shigo aljihu. Saurayin da ba shi da wurin ɓuya a duk faɗin ƙauyensu, yanzu in ya ja ƙyauren shagonsa na soro, ya kwanta ya lulluɓa, ya shiga wani ƙungurmin jeji da ba uba, ba malami, ba maƙwabcin da zai hango shi. A cikin jejin nan ake yanka imaninsa a kowane dare, da safe kuma ya fito ya gai da mutane kamar ba abin da ya faru. Maganar finafinai da hotunan batsa ake yi. Lokaci ya wuce da za a ci gaba da yin shiru wai don kunya. Kunyar da ke hana a ambaci cuta, alhali cutar na cin 'ya'yan mutane, kunya ce ta banza.

YADDA ANNOBAR TA SHIGO

A shekarar 2001 aka fara amfani da wayar salula ta GSM a Nijeriya. A wannan shekarar ce kuma aka kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, shekara guda bayan ƙaddamar da Shari'a, sannan a 2003 aka yi dokar Hukumar Hisba. Duk waɗannan hukumomi an gina su ne bisa tunanin cewa ɓarna tana da wuri: gidan kallo, shagon kaset, gidan giya. In an san wurin, sai a je a rufe. Ba a jima ba waya ta ƙaryata wannan tunani. A 2007 wani ɗan gajeren bidiyo na sirri da aka ɗauka da waya ya fantsama a Kano, daga wannan waya zuwa waccan, har ya girgiza gari. Gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta naɗa Abubakar Rabo Abdulkarim ya shugabanci hukumar tace finafinai, aka dakatar da ɗaukar fim na watanni, aka kama wanda aka kama. Amma bidiyon da ya jawo duk wannan, shin an iya maido shi? Ina! Abin da ya shiga waya dubu, babu ɗan sandan da zai iya kamo shi.

Wancan zamanin Bluetooth ke nan. Yau Tecno da Itel da Infinix sun isa kowace rugga da kowane ƙauye. Yaro ya yi ƙodago a gonar wani, ko ya tafi cirani birni ya tura baro, ko ya yi dako a Dawanau, abin da zai fara saye da guminsa shi ne waya. Tunda wutar lantarki ba ta zama, sai ya kai ta wurin mai caji. A gefen mai caji kuwa sau da yawa akwai mai tura finafinai a memori. Da yawa cikin masu wannan sana'a mutanen kirki ne, karatu da wa'azi da finafinan Hausa suke turawa. Amma akwai ɓata-gari da ke da wata ma'ajiya ta daban, wadda ba a tambayarta da baki sai da ido. Wanda ya samu kuma ba ya ci shi kaɗai. A dandali, bayan Isha'i, cikin minti biyu Xender ta raba wa mutum biyar, ba tare da an kashe ko sisin data ba. Ga kuma rukunonin WhatsApp da Telegram, ga gajerun bidiyoyi na TikTok da ke fara jan yaro da rawa, su miƙa shi ga abin da ya fi rawa muni.

SU WA KE CIN RIBA?

Ya kamata matashi ya san wanda yake yi wa bauta a wannan dare da yake hana idonsa barci. Wannan ƙazanta kasuwa ce, tana da kamfanoni da ofisoshi da lauyoyi. Ɗaya daga cikin manyansu shi ne MindGeek da ke da ofis a Montreal ta ƙasar Kanada, wanda ya sauya suna zuwa Aylo a 2023. A watan Disamba na 2020 jaridar New York Times ta buga rubutun Nicholas Kristof da ya fallasa cewa a babban shafin wannan kamfani akwai bidiyoyin ƙananan yara da na matan da aka yi wa fyaɗe. Kamfanonin Visa da Mastercard suka janye hulɗa da shafin. Cikin 'yan kwanaki sai ga shi ya goge miliyoyin bidiyo, fiye da rabin abin da ya tara. Tambaya a nan ita ce, me ya hana su gogewa tun da farko? Kukan yaran da aka zalunta bai motsa su ba, sai da aka taɓa aljihunsu. A Disambar 2023 kuma kamfanin ya amsa a gaban kotun tarayya a New York cewa ya karɓi kuɗin da suka fito daga safarar mata, ya yarda zai biya tarar dala miliyan 1.8.

Saboda haka duk saurayin da ya sai da tiyar gero ya sayi data ya buɗe irin wannan shafi, ya sani ya sa hannu a cinikin 'ya'yan mutane. Wadda yake kallo 'yar wani ce, ƙanwar wani ce, wataƙila ma tilasta mata aka yi. Shi yana ganin shi kaɗai ne a ɗaki, alhali an ƙirga shi, an sai da kallonsa ga masu talla. Kaico da wannan ciniki! Shi ya biya, shi aka cuta, wasu can ƙetare suka kwashe riba.

Ɓarnar kuwa ba ta ɓuya. Wanda ya raba dare yana kallo, shi ne sahun Asuba zai rasa. Shi ne za a ga ya fita gona rana ta take, ya yi kuyya biyu ya nemi inuwar gawo. Haddarsa ta fara zubewa, ya daina son zama da mutanen kirki domin yana jin kamar suna karanta goshinsa. Idonsa ya lalace, har ya kasa kallon 'yar maƙwabta da ta zo tallar fura a matsayin 'yar uwa. In ya yi aure kuma ya shiga ɗaki da ƙaryar da aka cusa masa, ya nemi baiwar Allah ta zama abin da ba ta taɓa ji ba, daga nan rigima ta fara. Ita kanta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya kasa riƙe kai a sha'anin sha'awa cikin kundinta na cututtuka wanda ya fara aiki a 2022. Abin da malamai suka daɗe suna kira ciwon zuciya, yau likitoci ma sun ba shi suna.

MECE CE MANHAJAR SA IDO?

A 'yan shekarun nan wasu matasa sun fara neman mafita a cikin wayar da ta jefa su rami. Manhajojin da ake magana iri biyu ne. Iri na farko masu toshewa ne: suna hana shafin batsa buɗewa. Iri na biyu masu kai rahoto ne: mutum da kansa zai zaɓi wani amintacce, ya sa manhajar a wayarsa, ita kuma ta riƙa sanar da amintaccen abin da ake buɗewa. Mafi shahara a wannan iri ita ce Covenant Eyes, wadda wani Ba'amurke mai suna Ron DeHaas ya kafa a jihar Michigan a shekarar 2000. Tana ɗaukar hoton fuskar waya lokaci-lokaci, ta dusashe shi, ta tantance, in ta ga abin zargi ta aika wa abokin da aka zaɓa. Mabiya addinin Kirista ne suka fi amfani da ita. Mike Johnson, wanda ya zama Kakakin Majalisar Wakilan Amurka a 2023, ya taɓa faɗa a bainar jama'a cewa shi da ɗansa suna amfani da ita, kowa na ganin rahoton ɗan uwansa.

Da wannan magana ta iso majalisun matasa, sai aka samu ɓangare biyu, kuma dukkansu sun kauce. Wajibi ne a yi wa kowannensu magana ba tare da rufa-rufa ba.

MASU CEWA TSORON ALLAH YA ISA

Ɓangare na farko su ne masu taɓe baki. Suna cewa, mai tsoron Allah ba ya buƙatar na'ura, duk wanda ya sa manhaja ya nuna yana jin kunyar mutum fiye da Mahaliccinsa, wannan kuma riya ce ko raunin imani. Magana ce mai daɗin ji a kan tabarma, amma ba ta da ƙafa.

A tambayi masu wannan magana: manomin Makoɗa da ke ɗaure akuyarsa a turke tun saukar ruwan farko har a kawar da amfanin gona, shin bai dogara ga Allah ba ne? Wanda ya kewaye garkarsa da ƙaya a bakin madatsar Tomas ko Watari, shin ya yi shirka? Kowa ya san akuya ba ta jin wa'azi in ta ga ganyen wake. Zuciya mai umarni da mummunan aiki ita ma haka take in dare ya tsala, ga kaɗaici, ga waya a hannu. Alƙur'ani a Suratul Isra'i bai tsaya ga hana zina ba, kusantarta ma ya hana. A Suratun Nur, aya ta 30, an umarci muminai maza da su runtse idanunsu kafin a ambaci kiyaye farjinsu, domin ido shi ne ƙofa. Littafin Ahalari da kowane yaro ke farawa da shi a makarantar zaure, tun a shafukan farko ya lissafa kiyaye gani daga haram cikin wajibai, ya kuma ce sharaɗin tuba ne mutum ya bar saɓon nan take. To, yaya za a ce mutum ya bar saɓo alhali ƙofarsa na nan a buɗe a ƙarƙashin matashin kansa?

Game da jin kunyar mutane kuwa, Musulunci bai taɓa raina ta ba. Manzon Allah (S) ya sanya kunya cikin rassan imani. Wanda imaninsa bai kai ya hana shi a ɓoye ba, in kunyar aboki ta hana shi, ya tsira daga saɓon wannan dare, zuciyarsa ta samu sararin warkewa. Gurgu ba ya jefar da sanda wai don masu ƙafa ba sa riƙe ta. Hadisin mutumin da ya kashe rai casa'in da tara ma darasi ne: malamin da ya buɗe masa ƙofar tuba bai ce ya koma gida ya yi ta istigfari kawai ba, cewa ya yi ya bar garinsu domin mugun wuri ne. Sauya wuri yana cikin tuba. Wayar da babu shinge, mugun gari ce.

Wasu kuma suna kafa hujja da hadisin da ya yi gargaɗi ga masu bayyana saɓonsu bayan Allah Ya suturta su. Gaskiya ne, kuma babu mai jayayya. Amma wanda hadisin ke nufi shi ne mai wayar gari yana ba da labari don alfahari ko rashin damuwa. Wanda ya je wurin likita ya buɗe gyambonsa daban ne. Wani saurayi ya taɓa zuwa gaban Manzon Allah (S) ya nemi a yi masa izinin zina. Sahabbai suka yi masa ca. Manzo (S) ya matso da shi kusa, ya tambaye shi ko zai so a yi wa mahaifiyarsa, ko 'yarsa, ko 'yar uwarsa, sannan ya ɗora hannu a kansa ya yi masa addu'a. Saurayin ya tashi ya warke. Da ya ɓoye ciwonsa fa? Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

MASU SON A MAI DA ITA BULALA

Ɓangare na biyu sun fi haɗari, domin da rigar kishin addini suke zuwa. Su cewa suke yi, ai an samu maganin abin: a tilasta wa kowane ɗalibi da kowane matashi ya sa manhajar, rahoto ya riƙa zuwa wurin shugaba ko malami, wanda aka kama a tsayar da shi gaban jama'a. Subhanallah! Garin neman gira za a rasa ido.

An riga an gwada wannan a wani wuri, an ga ƙarshensa. A watan Satumba na 2022 mujallar Wired ta Amurka ta buga bincike a kan wata majami'a mai suna Gracepoint, inda shugabanni ke sa mabiya su ɗora Covenant Eyes ko Accountable2You a wayoyinsu, rahoto na zuwa wurin na gaba da su. Waɗanda suka fita daga cikinta sun ba da labarin yadda aka riƙa titsiye su a kan abin da suka bincika a waya, har wanda bai shafi batsa ba. Bayan binciken, kamfanin Google ya cire manhajojin biyu daga Play Store na wani lokaci saboda saɓa ƙa'idojinsa. Wannan shi ne abin da ke faruwa in aka ba mai iko mabuɗin sirrin na ƙasa da shi.

Musulmi kuwa ba ya buƙatar Wired ta koya masa wannan. Suratul Hujurati, aya ta 12, ta haramta binciken asirin mutane ƙarara. Malamai sun kawo labarin Sayyidina Umar da ya haura katangar wani mutum da dare ya same shi cikin saɓo, mutumin ya ce masa, in shi ya yi laifi ɗaya, Sarkin Muminai ya yi uku: ya yi leƙen asiri, ya shigo ta katanga ya bar ƙofa, bai kuma yi sallama ba. Umar ya karɓi gyara ya fita. Mutumin da ya ingiza Ma'izu ya je ya tona kansa, Manzon Allah (S) ya nuna masa cewa da ya rufe shi da mayafinsa da ya fi masa alheri. In halifa bai da izinin haura katangar talaka, wane ne shugaban wata ƙungiya ko malamin Islamiyya da zai haura cikin wayar baligi ba da yardarsa ba?

A ƙauye kuma abin ya fi muni. Inda kowa ya san kowa, asirin da ya fita ba ya dawowa. Saurayin da aka tona yau, gobe ba mai ba shi 'ya, jibi ya daina zuwa masallaci, gata ya tattara ya tafi Legas ko Abuja inda ba mai ce masa kanzil. An rasa shi ke nan gaba ɗaya. Wanda kuma bai gudu ba zai koyi munafunci: waya ɗaya mai tsarki ta nuna wa malam, ɗaya a cikin rumbu. Uba yana da hakki, kai wajibi ne ma a kansa, ya sa ido a wayar ɗansa ƙarami, kuma Google Family Link an yi ta ne don haka, kyauta ce. Amma baligi shi ke zaɓar mai tsaronsa da kansa. Abin da mutum ya miƙa da hannunsa amana ce. Abin da aka ƙwata da ƙarfi tajassusi ne, ko da wanda ya ƙwata ya fi kowa tsawon gemu.

INDA SHINGEN YAKE DA ƁARAKA

Kada kuma wani ya ɗauka da ya sa manhaja shi ke nan ya haye. Na farko, irin su Covenant Eyes da dala ake biyansu duk wata, dalar da ta haura Naira 1,500 a 2024. Ɗan ƙodago a Gabasawa ina zai samo? Na biyu, manhajar da ke ɗaukar hoton fuskar waya ba batsa kaɗai take gani ba. Saƙon banki, hirar iyali, hoton mahaifiya, duk a gabanta suke wucewa, kuma kamfanin yana wata ƙasa da ba a isa a tuhume shi ba. Mai hankali zai yi tunani sau biyu kafin ya miƙa wannan. Na uku, masu toshewa hanyar intanet suke tsarewa. Abin da ya shigo ta memori ko ta Xender bai bi ta ƙofarsu ba, alhali a karkara ta nan ɓarna ta fi shigowa. Na huɗu, wanda ya yi niyyar tsallakewa zai tsallake: ya sa VPN, ya ari wayar aboki, ko ya goge komai ya sake saiti.

Duk manomi ya san shinge yana hana dabba shiga, amma bai taɓa yin huɗa ba, bai taɓa cire ciyawa ba. Gonar da aka kewaye aka bari, ƙuduji da tofa ne za su cinye ta daga ciki. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ware babi guda a Ihya'u a kan wannan aiki na ciki, ya jera matakai shida: mutum ya gindaya wa ransa sharaɗi da safe, ya sa masa ido da rana, ya yi masa hisabi da dare, ya hukunta shi in ya saɓa, ya yi ta fama da shi, ya kuma riƙa yi masa faɗa. Ƙololuwar abin ita ce ihsanin da ya zo a hadisin Jibrilu, wato bawa ya san cewa ko bai ga Ubangijinsa ba, Shi yana ganinsa. Akwai kuma hadisin Sauban mai sa gashin jiki tashi, a kan mutanen da za su zo da ayyuka kamar duwatsun Tihama a mai da su ƙura, saboda in suka kaɗaita sai su keta haramcin Allah. Manhaja tana iya mutuwa in caji ya ƙare. Mala'ikun da ke dama da hagu ba sa jiran mai caji.

ABIN YI TUN DAGA YAU

Matashin da ke cikin wannan jarrabawa, da farko kada ya yanke ƙauna. Shaiɗan ya fi son yanke ƙauna a kan saɓon kansa. Ya yi wanka ya tuba, in ya faɗi ya sake tashi, ko sau nawa ne.

Sannan ya goge abin da ya tara, duka, ba tare da ya bar ko ɗaya wai don tarihi ba. Memorin da ya san ta ƙazantu ya karya ta. Ya fita daga rukunonin da ya sani, ya cire manhajojin da ke kai shi bakin rami. A wayoyin Android daga na 9 zuwa sama akwai wuri a cikin saiti mai suna Private DNS. In aka rubuta family.cloudflare-dns.com a wurin, yawancin shafukan batsa ba za su buɗe ba, kuma ba a biyan ko kwabo. Kamfanin Cloudflare ne ya fito da wannan a 2020. Ya kunna SafeSearch a Google. Ya sa wa saitin makulli, ya ba wani ya riƙe lambar sirrin, domin kullen da mabuɗinsa ke hannun ɓarawo ado ne kawai.

Wanda zai riƙe lambar kuwa a zaɓe shi da kyau. Mutum ɗaya ya isa: mai addini, mai riƙe baki, wanda ba ya gori, wanda in ya ji an faɗi zai miƙa hannu. Ba sai an zayyana masa abin da aka kalla ba, ya isa a ce masa, ɗan uwa, ina fama, ka taimake ni. Su sa rana guda a mako, ko bayan sallar Juma'a, su tambayi juna. Wanda aka ba wannan amana kuma ya ji tsoron Allah, ya san cewa ranar da ya kai ta majalisa ya ci amanar da za a tambaye shi.

Waya kada ta kwana a shimfiɗa. A bar ta wurin caji, ko a miƙa wa abokin kwana bayan Isha'i. Wanda ya gwada duk wannan abin ya faskara, ya sai da babbar ya koma ƙaramar mai madannai, ya cire mata memori. Ba a taɓa jin wanda ya mutu don rashin babbar waya ba. Lokacin rani, sa'ad da aikin gona ya ƙare hannu ya zauna, shi ne lokacin da ya fi haɗari, don haka ya nemi abin yi: noman rani, koyon sana'a, makarantar dare, azumin Litinin da Alhamis wanda Manzo (S) ya nuna cewa azumi garkuwa ne ga saurayin da bai samu halin aure ba. Abokan da ke turo masa kuma ya rabu da su, zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

SAURA MANYA

Zalunci ne a ɗora wa yara laifin duka. Wasiyyar Manzon Allah (S) ga matasa ta fara ne da aure, azumi na wanda bai samu iko ba ne. Wa ya mai da auren dutse? Lefe akwati kaza, kayan na-gani-ina-so, kuɗin gaisuwar iyaye, ga gara da kayan ɗaki da ke karya uban yarinya. An toshe ƙofar halal da bulo, an bar ta haram a buɗe a kan kuɗin data, sannan a hau mumbari ana tsine wa 'yan zamani. Auren gata da gwamnatin Kano ta fara ta hannun Hisba a 2012, da wanda aka ɗaura wa mutum 1,800 da matansu a watan Oktoba na 2023, abin yabo ne, amma cokali ne a gaban kogi. Gyaran gaske yana hannun iyaye, limamai da masu unguwanni, ranar da za su zauna su rage wa aure kaya a ƙauyukansu.

Hukuma ma ba ta fita ba. A watan Maris na 2025 Majalisar Wakilai ta Tarayya, bisa ƙudurin ɗan majalisa Ɗalhatu Tafoki daga Katsina, ta nemi Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta toshe shafukan batsa. A Ingila, daga watan Yuli na 2025 doka ta tilasta wa irin waɗannan shafuka su tantance shekarun mai shiga. A watan Yuni na 2025 Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar da irin wannan doka ta jihar Texas. In waɗanda suka ƙera annobar sun fara kare 'ya'yansu daga gare ta, me masu mulkin ƙasar Musulmi suke jira? Ƙuduri a takarda ba ya toshe komai sai an aiwatar. Masu turi kuma da ke sai wa yaran unguwarsu guba, su sani kowane kallo da aka yi ta hannunsu suna da kamasho, ko suna kabari.

Amma matashi kada ya zauna jiran majalisa. Ba majalisa za a tambaya game da idonsa ba. Suratu Fussilat ta ba da labarin ranar da ji da gani da fatu za su yi shaida a kan masu su. Wannan rahoto ba a goge shi, ba a kuma yi masa VPN. Mai rabo shi ne wanda ya kafa shingensa yau da hannunsa, ya nemi ɗan uwa na gari ya riƙe masa mabuɗi, sannan ya ɗauki fartanya ya shiga gonar zuciyarsa.

Allah Ya tsare idanun matasan Musulmi, Ya suturta masu fama, Ya karɓi tuban masu tuba, Ya sauƙaƙa aure ga wanda bai da shi. Amin.